Dikoda Ta Shigo, Kaset na Lalacewa a Adaka

A jikin kusan kowace dikoda da ake sayarwa yau a Tambuwal akwai wata 'yar kafa da ba ta kai faɗin yatsa ba. Masu ƙera na'urar sun yi ta ne don a riƙa sabunta manhajar ciki, ko a naɗi shirin da mutum ba ya son ya wuce shi. Mutanen gari kuwa sun samo mata wani aikin. Nan ake soka filash, sai ga ɗaurin auren 'yar gidan ya cika allo, ko saukar karatun ƙanenta, ko dawowar Hajiya daga Makka. Idan dikodar mai kama intanet ce, ko kuwa ɗan akwatin nan ne na Android da samari ke sayowa daga Sakkwato, to filash ɗin ma ba a nemansa. A kunna data a waya, a raba wa akwatin, sai gidan rediyon Kano ko na Landan ya fito ta lasifikar talabijin garau, babu shuu, babu ɗaukewa.

Wanda aka haifa bayan shekarar 2000 ba zai ga abin mamaki a nan ba. Dattijon da ya yi samartakarsa yana murɗa kan rediyo yana karkata eriya, shi ya san tafiyar da aka yi.

Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya yi ribaɗi, tana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri, kimanin kilomita 100 daga birnin. Maƙwabciyarta Kebbe ta fi shigewa ciki, wajen iyakar Gummi. Kafin rediyo ta yawaita, labari yakan iso ne a bakin fatake da direbobi da 'yan ci-rani, ko kuma ranar da motar majigi ta zo aka kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Sai ga muryoyin nesa sun fara shigowa: BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya soma a 1962, Rediyon Jamus ya biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Daga baya Rediyon Rima ya zama na gida. Akwatin da ke kamo su ƙarami ne, batir yake ci, yana kuma da jakar fata da maɗauri, ya bi mai shi gona, ya bi shi kiwo, ya bi shi majalisa.

A majalisar ne rediyo ta yi mulkinta. Mutum guda ke da akwatin, mutum goma ke saurare, kuma idan aka gama labarai sai a buɗe sabon babin sharhi wanda ya fi labaran tsawo. Da azumi ana jin tafsirin Shaihu Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna, kuma ga mutanen wannan yanki ba baƙo ne ke magana ba, maƙwabci ne ɗan Gummi. Ana jin Samanja, ana jin Jakar Magori, ana jiran Zaɓi Sonka. Wannan na ƙarshen ya cancanci a ɗan tsaya kansa, domin shi ne ƙofar da talaka ke shiga cikin akwatin. Saurayi zai sayi katin zaɓe, ya jera sunayen abokai da na budurwa a sakaye, ya kai gidan waya, ya yi makonni yana kasa kunne. Ranar da aka ambaci sunansa da na garinsu, ranar ba ya cin tuwo da kyau don murna. In ban da wannan, duk abin da ke fitowa daga akwatin wasu ne can nesa suka zaɓa, a lokacin da suka ga dama, kuma in ya wuce ya wuce.

Kaset ne ya fara karya wannan doka. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai da kuɗin man fetur suka zaga ƙasa a shekarun 1970, alhazai kuma suka riƙa dawowa da rikoda cikin tsaraba, sannan ya zama kayan gida. A karo na farko mutum ya iya danna maɓalli ya kama murya ya ajiye. Masu rumfar kaset a kasuwa suka cika kanta da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗandawo da Ɗan'anace da Shata, gefe guda ga wa'azi da karatun Alƙur'ani. Amma aikin da ya fi shiga rai shi ne na saƙo. Ɗan ci-rani a Ikko ko Badun, wanda ba ya son ya ba mai rubuta wasiƙa sirrinsa, sai ya shige ɗaki ya yi wa rikoda magana: ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya tambayi daminar bana, ya faɗi abin da ya ba direba da wanda za a ba. A gida a taru a saurara, a juya ɗaya gefen a naɗa masa amsa.

Duk wanda ya yi zamanin ya san jinyar kaset. Zare ya sarƙe a cikin rikoda, a zaro shi a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro, a zura biro a ramin a yi ta juyi har ya koma mazauninsa. In ya tsinke a liƙa da ɗan salatif, a haƙura da baitin da ya tafi. In batir ya yi sanyi, muryar makaɗin ta yi nauyi ta ja, sai a ciro batiran a shanya a rana, wai ko za su ƙara kwana guda.

Bidiyo ya zo da nasa salon. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa ta buɗe, gidajen kallo suka bazu har ƙauyuka, da ɗan janareta yana kuka a bayan zana. A wannan lokacin ne aka san mai ɗaukar bidiyo, da ƙatuwar kyamara a kafaɗa da yaro yana biye da shi riƙe da fitila. Ba kowane biki ke samunsa ba. Sai gidan mai hali, sai naɗin sarauta, sai taron siyasa. Kaset guda ake bayarwa, shi zai yi ta yawo gida-gida har hotonsa ya dushe. Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne, ta wannan kaset ne matan gida da yawa suka fara ganin yadda ake ɗaura aure a ƙofar gida, su ga wanda ya zo da wanda bai zo ba, su ga waliyyi yana bayarwa wakili yana karɓa. Ta nan kuma aka fara gunagunin da har yau bai mutu ba: me ya sa taron mata, da kwalliyarsu da rawarsu, zai fita zaure maza su kalla?

Faifan CD bai daɗe ba. Ya kori kaset da arha, shi kuma waya ta kore shi.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta ɗauki wasu shekaru kafin sabis ya kai garuruwa irin su Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kuchi. Da wayoyin Sin masu memori da ƙatuwar lasifika suka iso, sai wata sabuwar sana'a ta tsiro kusa da masu cajin waya: 'yan dawunlodin. Yaro da kwamfutar cinya da faifan ajiya a ƙarƙashin laima, a miƙa masa memori a ce ya zuba fim kaza, da waƙoƙin Sani Sabulu, da wa'azin malam wane. Daga nan abin ya riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya, da fari ta Bluetooth, daga baya ta Xender, ba tare da an kashe ko kwabo na data ba. Kowa ya zama mai ɗaukar bidiyo. Sai dai wayar ta yi wata ɓarna da ba a ankara da ita da wuri ba: ta watsa taron. Majalisar da ake kasa kunne ga akwati guda ta koma mutum goma, kowa ya sunkuya kan tafin hannunsa. A cikin gida ma haka, tsohuwar da idonta ya yi rauni sai dai a miƙo mata waya ta ƙanƙance ido ta ce ta gani, alhali ba ta gane kowa ba.

Dikoda ce ta sake tara su, kuma wannan ne babban abin da za a yaba mata. Da farko aikinta kamo tashoshin tauraron ɗan'adam ne kurum. Dish ya hau rufin kwano da katangar laka, irin na kyauta wanda ba a biyan kuɗin wata ya fi karɓuwa, domin da shi ake ganin Harami kai tsaye da tashoshin wa'azi irin su Sunnah TV. StarTimes ta shigo ƙasar a 2010, GOtv a 2011, sannan Arewa24 ta buɗe a 2014 da Hausa zalla, Daɗin Kowa ya zama abin da ake tsara girkin dare dominsa. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin komawa talabijin na dijital a Jos a 2016, shirin ya yi ta jan ƙafa, jama'a kuwa ba su jira shi ba. Da aka gane cewa akwatin nan na iya buɗe abin da ke cikin filash, kuma sabbin talabijin na iya haska abin da ke kan allon waya, sai kayan da suka warwatse a aljihuna suka dawo bango guda.

A shiga wani gida bayan sallar isha'i, mako guda da kai amarya. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an fito da talabijin an ɗora bisa tebur, wayar wuta ta taho daga batirin sola da ke ɗaki. Rimot na hannun wani ɗan sakandare, domin a wannan fanni shi ne malamin gidan. Kakarsa ta ce, "Kai ɗan nan, sa muna bukin." Ya ce, "Inna, wane? Na kamu ko na walima?" Aka zaɓi na kamu. Ba a yi minti biyu ba aka ce ya tsayar, ya koma baya, a ga ko atamfar da ƙanwar ango ta ɗaura ita ce ta anko. Aka ga wadda ta yi liƙi da wadda ta noƙe. Da hoton wata dattijuwa ya gifta, wadda ta zo daga Jega da ƙyar saboda ciwon ƙafa, Inna ta sa aka tsayar da shi ta daɗe tana dubawa, ta yi mata addu'a. Maigida na zaure da rediyonsa yana jiran labaran dare, amma ya leƙo sau biyu.

Ba don irin wannan gida aka ƙera akwatunan kallo ta intanet ba. Apple TV ta fito a 2007, Roku a 2008, Chromecast a 2013, dukansu a Amurka, don gidajen da wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet ke kwarara dare da rana kan kuɗin wata guda. A can, hikimar ita ce kada ka ajiye komai, ka janyo shi daga rumbun kamfani duk sa'ad da kake so. A Tambuwal da Kebbe lissafin ya sha bamban, kuma lissafi ne na zahiri. Sauraren rediyo ta intanet a matsakaicin inganci yakan ci wajen megabait 30 a sa'a guda. Bidiyo kuwa, ko ba mai kaifi sosai ba, yakan ninka haka sau goma ko fiye. Ga shi an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin kunnawa da dalili, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka magidanci mai hankali ba ya barin iyali su kalli Labarina ko Izzar So kai tsaye daga YouTube. Mutum guda zai sauke da datar dare mai rahusa, ko a karɓo wajen ɗan dawunlodin, a zuba a filash, gida uku su kalla. Mafi yawan abin da ke tafiya daga waya zuwa talabijin a nan bai taɓa bi ta intanet ba a wannan daren; tsakanin na'urorin biyu kawai yake yawo, tazarar taku uku.

Rediyon intanet kuma ya fi yi wa na nesa amfani. Zangon FM ba ya tafiya mai tsawo, don haka tashoshin birnin Sakkwato irin su Vision da Garkuwa ba ko'ina suke kamuwa da kyau ba a kudancin jiha, balle Freedom ta Kano. Intanet ta share wannan iyaka. Mai son shirin siyasar Kano zai ji shi a Kebbe, ɗan Tambuwal da ke sayar da albasa a kudu ko yake aiki a Saudiyya zai bi shirin gida ta Facebook, har ya rubuta gaisuwa a karanta nan take, abin da kakansa ke jira wata guda da katin zaɓe. Amma a faɗi gaskiya, kunna talabijin sukutum don a ji murya kawai almubazzaranci ne ga mai batir guda, kuma ba a ɗaukar dikoda a tafi fadama. Shi ya sa ƙaramin akwatin nan mai eriya bai je ko'ina ba. Sabonsa ma ya zo da fitila da wurin sa memori da ɗan faifan sola a baya.

Watan Satumban 2021 ya nuna wa kowa inda gizo ke saƙar. Saboda matsalar 'yan bindiga, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Tambuwal, mahaifar gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal. Dare ɗaya duk abin da ke zuwa ta data ya tsaya cik. Dish ya ci gaba da aiki, filash ya ci gaba da aiki, tsohuwar rediyo ta dawo da martabarta a majalisa. Sannan a watan Maris na 2025, sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda aka shafe shekaru fiye da 40 ana ji, ya yi shiru bayan wani umarni daga fadar shugaban ƙasarsu. Mai sauraro a Sanyinna ba a shawarce shi ba. Abin da mutum ke janyowa daga nesa, mai shi na iya rufe famfo ranar da ya so. Abin da ke cikin adakarsa ne nasa.

To, a nan ne kuma matsalar take, domin abin da ke cikin adakar yana mutuwa. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son raɓar damina, kuma ƙasar nan ta tara duka ukun. Yakan manne da juna, ya yi funfuna, maganin da ke riƙe da muryar ya riƙa zubewa. Ko zaren ya tsira, na'urar kunna shi na ƙarewa: kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa daga wajajen 2025 kunna irin waɗannan kaset zai riƙa gagara, saboda rashin injuna da kayan gyara da masu gyaran. In manyan ɗakunan adana tarihi na duniya na cikin wannan fargaba, ina ga kwalin da ke ƙarƙashin gadon Alhaji?

Wani zai ce ai komai yana YouTube. Ba komai ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna can, domin masu sha'awa sun ɗauki nauyin juyar da su sun ɗora. Amma makaɗin noman da bai taɓa shiga situdiyo ba, wanda wani ya naɗa a gayya a 1984, ba ya can. Mawaƙin fadar hakimi ba ya can. Karatun malamin zaure da ya yi shekara talatin yana fassara Ishiriniya da Sakkwatanci tsantsa ba ya can, haka hawan sallar da aka ɗauka a 1995, da kamun kifin Romo na wasu shekarun, da muryar uban da ya aiko da saƙo daga Ikko bai dawo ba. Waɗannan kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma babu kamfanin da zai zo nemansu.

Na zamanin ma ba su fi tsira ba, sun ma fi saurin tafiya. Kaset yakan yi gargaɗi, ya dushe a hankali shekara da shekaru. Memori kuwa lafiya lau yau, gobe a ce ya ƙi buɗewa. Waya ta faɗa rijiya, ko a sace ta ranar kasuwa, ko mai gyara ya wanke ta, bikin 'ya'ya uku ya tafi. Mai ɗaukar bidiyon ma da aka dogara da shi yakan goge na bara don ya sami wurin na bana. Ga kuma kishiyar wannan: abin da ake so ya ɓace ya ƙi ɓacewa. Gunagunin da aka fara a zamanin kaset guda ya zama babbar magana yanzu da rawar amarya ke iya fita daga tsakar gida ta kai TikTok kafin a watse. Iyalan da ke hana ɗaukar taron mata da waya, su bar mace guda amintacciya ta ɗauka a ajiye a filash na gida, ba ƙauyanci suke yi ba. Sun fahimci na'urar fiye da masu yi musu dariya.

Aikin ceton bai fi ƙarfin gari ba. Rikoda ko bidiyo mai lafiya guda, da wayar haɗi, da 'yar na'urar da ke mayar da hoto cikin kwamfuta, su ke nan kayan. Wahalarsa lokaci ne, domin kaset na sa'a uku sai ya ci sa'a uku cur, ba a yi masa gaggawa. 'Yan dawunlodin na Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe, waɗanda arhar wayoyin zamani ta fara rage musu ciniki, ga sana'a a gabansu. Abin da ya shafi tarihin gari, kamar naɗin sarauta da waƙoƙin fada da karatun malamai, ya kamata a kai kwafinsa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ko Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe na iya ɗaukar nauyin hakan da kuɗin da bai kai na taron siyasa guda ba.

Mai karatu da ke da kaset a gida, a fito da shi bana. A juye shi, a yi kwafi biyu a ajiye a gida biyu, kada duka su zauna a waya. Sannan a zaunar da Inna ko Baba gaban allon, a riƙe biro da takarda, su faɗi sunan kowa da ke ciki da shekarar da aka yi abin, a rubuta tun suna nan.